Kada Ki Zaɓe Ni, Kaka

"Lafiya lau na kwana, ganin ka da sassafe ne dai ya so ya ɓata min lafiyar. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, amarya. Mutum ba zai zo gaida matarsa ba sai an yi rashi?"

"Wace matar? Wata uku ban ga ƙeyarka ba. Ni na ɗauka ka sake ni ta waya ne, sabis bai kawo saƙon ba."

"In sake ki in kai ki ina? Wa zai karɓa? Ke da ko kyauta aka bayar sai an haɗa da haƙora."

"Haƙorana huɗu sun fi naka talatin aiki. Dube ka don Allah. Da ƙafarka ka zo, ko iska ce ta kwaso ka?"

Ina lungun falo ina guga lokacin da ƙanena Tsinke ya shigo da wata baƙar leda a hannu, ya durƙusa gaban Kaka yana wannan gaisuwa tasu da ba ta da kan gado. Kaka ce ta sa masa Tsinke tun yana yaye saboda ramarsa, kuma har ya yi gemu bai yi ƙibar da zai ƙwaci kansa ba. Ni kuwa na san abin da ya kawo shi tun kafin ya cire takalmi.

Kakarmu tsohuwar tela ce, shekara arba'in tana taka keke kafin bayanta ya ce ya gaji. A kekenta Tsinke ya koyi ɗinki. Yanzu shi ke ɗinka wa 'yan wasa kaya a wani shirin talabijin, labarin wani tsohon malamin makaranta da duniya ta juya wa baya. Bana sunansa ya fito cikin mutum uku masu takarar kambun sutura, a bikin karrama 'yan talabijin da za a yi washegari. Yana son kambun nan ba da wasa ba. Shekara tara yana ɗinki a bayan kyamara, sunansa na wucewa da gudu a ƙarshen shiri, lokacin da kowa ya tashi shan ruwa.

Matsalar ita ce bakin Kaka. Duk shekara, ana gobe biki, tashar takan nuno 'yan takara rukuni-rukuni da hantsi. Kaka ta ja kujerarta har gindin allo, ta ɗora tabarau a kan hanci, ta nuna da yatsa ta ce wane ne zai ci. Shekara bakwai ke nan, ko sau ɗaya ba ta dace ba. Wanda ya rufe ido ya nuna ma ai ya dace wata rana, amma ban da Kaka. Wanda ta zaɓa bara waccan bai tsaya a faɗuwa takara ba, har tuntuɓe ya yi a ƙofar zauren, duniya tana kallo. Na bara kuwa, sati biyu bayan bikin aka daina shirinsu gaba ɗaya. Mai shagon da ke ƙasan benenmu har aikowa yake a tambayi wa Kaka ta zaɓa, don ya san wanda zai fitar daga rai kafin ya shiga musu da abokansa.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kaka ba ta bin labari, kaya take kallo. Sai ɗan wasa ya fashe da kuka, duk falon kowa na share hawaye, ka ji Kaka ta ce, "Dubi kafaɗar rigar nan, ta zame."

To abu ɗaya Tsinke ya zo nema: kada Kaka ta zaɓe shi. Tun a waya na ce masa ya kwantar da hankalinsa, don tun da ya fara taka keke ban taɓa jin ta yabi ɗinkinsa ba, ko na maɓalli. Ya ce bai yarda da ita ba, tana iya zaɓensa don mugunta kawai.

"Mene ne a ledar?" in ji Kaka.

"Tsaraba ce na kawo wa amarya. Almakashi sabo fil, daga kwalinsa."

Kaka ta karɓa, ta buɗe shi ta rufe a gindin kunnenta sau biyu, ta taɓe baki.

"Wannan ko takarda sai an roƙe shi zai yanka. Kai da ba ka taɓa kawo min ko tsinken sakace ba, yau almakashi? Toshiyar baki ce, ko?"

"Subhanallahi! Ni in toshe bakinki? Da me? Ko katifa aka cusa ai sai magana ta samu hanya."

"To faɗi abin da kake so, kafin in tuna ina da aiki."

"Abu kaɗan ne. In an zo rukuninmu, ki nuna wani. Mu uku ne, ga biyu nan na ba ki kyauta. Ki zaɓi wanda kika ga dama, ki kashe shi hankali kwance."

"Au! Wato bakina ne mai kisa?"

"Ban ce ba. Amma shekara bakwai, Kaka. Mutum nawa kika binne?"

"Alƙalan ne ba su da ido. Ni ban taɓa kuskure ba, su ne suke kuskure duk shekara, ba sa kuma jin kunya."

"Haka ne. Su goma sha biyu da digirorinsu duk makafi ne, ke da tabaran da aka ɗaure da zare ke ce mai gani."

"Zaren da na ɗaure shi da shi ya fi ɗinkinka ƙarko. Matsa ka tare min allo, ko da yake wa kake iya tarewa. Ke 'yar nan, ƙaro min murya."

Na ajiye dutsen guga na ƙara murya. An fara da jarumai maza. Aka nuno mai fitowa a likita, aka nuno mai fitowa a mugun mai gidan haya, aka nuno dattijon da ke fitowa a malam, na shirin su Tsinke.

"Kaka, ki ji tsoron Allah, ki ƙyale mana malam," in ji Tsinke. "Yana da iyali."

"Wa ya ce ina son malaminku? Likita ne zai ci."

"Likita? Mutumin da in zai ce mara lafiya ya rasu sai ka ga kamar yana tambayar farashin taya?"

"Dubi wandonsa. Daidai idon sawu ya tsaya, bai sha ƙasa ba, bai ɗage ba. Mutumin da ya san tsawon ƙafarsa ya san aikinsa."

"Allah ya jiƙan likita. Mutumin kirki ne, bai yi wa kowa komai ba."

Aka zo kan mata. Kaka ta tsallake wadda ta sa gari kuka wata shida, ta nuna wata da ko sunanta ban sani ba, wai zif ɗin bayanta a miƙe yake, bai yi tudu ba. Tsinke ya ɗaga hannu biyu ya yi wa baiwar Allah addu'a. Da aka zo masu karanta labarai kuwa, tun kafin a gama nuno su Kaka ta gyara ɗaurin kallabi.

"Ga nawa nan. Mai furfura a gefe."

"Naki? Ga ni da raina a zaune kike cewa naki?"

"Shi kullum ƙarfe bakwai yana nan, ya dube ni cikin ido ya ce barkanmu da yamma. Kai fa? Wata uku."

"Ba ke kaɗai yake gaisarwa ba, tsohuwa. Duk ƙasar yake gaisarwa."

"Haka yake gaya maka don kada ka ji haushi."

"To ai shi ke nan, kin rama min. Gobe war haka an kore shi daga aiki, in ga wanda zai riƙa yi miki barka da yamma."

Suna cikin haka aka rubuto a allo cewa saura rukunin sutura. Tsinke ya yi wuf ya miƙe, wai zai haɗa wa Kaka shayi. Kafin in ankara ya dawo da kofi cike da guntun burodi, ya tura mata a hannu, ya zame ya zauna a kan rimot.

"Sha, amarya, sha da zafinsa. Ki cika bakinki sosai, kada ki yi magana, likitoci sun hana magana ana cin abinci."

"Tashi daga kan abin nan kafin ka karye. Ba rimot ɗin nake ji ba, kai nake ji."

Aka nuno ta farko, wata mata mai ɗinka kayan shirin masu kuɗi, inda kowa ke kwana da kwalliya ya tashi da ita. Kaya sai walƙiya suke, duwatsu tun daga wuya har ƙasa.

"Yauwa!" in ji Tsinke. "Kaka, dubi aiki! Dubi ƙyalli! Wallahi ni kaina ita zan zaɓa. Nuna ta, nuna ta da sauri!"

"Wannan? Wannan ai ba ɗinki ba ne, liƙi ne. Gam ta zuba ta watsa duwatsu. Ka ga wadda ta taɓa ɗaga hannu a shirin nan? Ba za su iya ba, hammatar za ta yage. Shi ya sa ko faɗa suke sai dai su yi da ido."

"To ga na biyu, na shirin likitoci. Mutum ne mai tsafta, mai ladabi, yana gaida tsofaffi."

"Farar riga guda ɗaya ya yanka, ya maimaita sau talatin. Dogo ita, gajere ita, mai tumbi ita. Aljihun ma a karkace. In na zaɓi wannan, wadda ta koya min ɗinki sai ta taso daga kabari ta mare ni."

"Kaka, ba cewa na yi ki aure shi ba. Ki dai ce shi zai ci. Kalma uku ce."

Kaka ta kurɓi shayi, ta dubi allo, ta buɗe baki kamar za ta faɗa. Har ta ɗaga yatsa. Sai ta sauke shi.

"Ya ƙi fita."

"Me ya ƙi fita?"

"Ƙaryar. Na yi ƙarya a kan shekaruna, na yi wa likita ƙarya a kan sukari, na gaya wa kakanku ina son muryarsa. Amma ban taɓa yi a kan ɗinki ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Sai ga hoton Tsinke ya cika allo, an kama shi da allura a baki yana harare-harare kamar wanda aka kama yana sata. Aka shiga nuno kayan shirin malam ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Kashi na uku," in ji ta, "rigar 'yar malam, hannun hagu ya fi na dama tsawo."

"Haka ne! Ya fi! Ci gaba!"

"Kashi na shida, wandon mai shago. Ka tsuke shi, bawan Allah ya gama shirin bai zauna ba."

"Wallahi bai zauna ba. Ni ba tela ba ne, Kaka, ɓarna ce kawai. Ƙara!"

"Kashi na takwas, kalmasar siket ɗin nan, maciji ma ya fi ta tafiya a miƙe. Ban san wa ya koya maka ba."

"Wata tsohuwa ce, ba ta gani sosai."

Dariya yake yana tafi, amma ni na san ƙanena. Yana ta murza gefen rigarsa. Abin da ya zo nema yake samu, kuma yana yi masa ciwo. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin Kaka, don duk abin da ta lissafa gaskiya ne, ba ta kuma manta ko ɗaya ba.

"To shi ke nan," in ji shi, yana neman takalminsa da ido. "Kowa ya faɗi, bana ba wanda kika zaɓa. Na gode, amarya, Allah ya bar mu tare."

"Zauna. Ban gama ba. Kashi na goma sha ɗaya."

"Me kuma na ɓata a can?"

"Ranar da tsofaffin ɗaliban malam suka gayyace shi taro. Ya sa farar riga mai kwala. Alƙalaminsa ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, kyamara ta bi bayan wuyansa. Kwalar nan juyayya ce."

Tsinke ya daina neman takalmi.

Ga wanda bai san ɗinki ba: idan kwalar riga ta cinye a wuya, mai hali sai ya sayi wata rigar. Marar hali kuwa sai a farke masa kwalar, a juya ta, ɓangaren da ya cinye ya koma ƙasa ya ɓuya, a mayar da ita da ɗinkin hannu. Daga gaba sai ka rantse sabuwa ce. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa, watannin baya, Kaka ta sa ni na mayar mata da wurin nan sau huɗu a waya, wai ba ta ji abin da malam ya ce ba. Malam bai ce komai ba a wurin.

"Daƙiƙa biyu aka nuna," in ji Tsinke a hankali. "Mai ba da umarni ma bai sani ba. Sabuwar riga ya ba ni, na kwana uku ina goga kwalar a dutse kafin ta cinye."

"Daƙiƙa biyu sun ishe ni. Mutum mai mutunci, aljihu ba komai, zai je gaban yaran da ya koyar sun zama manya. Ba zai sa sabuwa ba, ba shi da ita. Ba zai sa yagaggiya ba, ba zai iya ba. Juyayya zai sa. Ɗinkin kuma ƙanana, a kwance, zaren bai leƙo ba."

"Kaka..."

"Haka nake yi wa kakanku. Riga biyu gare shi, da su ya yi shekara shida yana zuwa ofis, ba wanda ya taɓa sani. Ban koya maka wannan ba. Ban ma san kana kallo ba."

Ni dai na ji hawaye ya zo min, na kama rigar da na riga na goge na sake goge ta. Kaka ta cire tabarau, ta goge shi da gefen zane, ta mayar, sannan ta ɗaga yatsa ta nuna ƙanena a tsakiyar ƙirji.

"Kai na zaɓa. Kai za ka ci."

Tsinke ya zube a kan kafet ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah, ta kashe ni! Yaya, kina gani ta kashe ni! Shekara tara!"

"Ke 'yar nan, leƙa ki gaya wa mai shago, ya cire Tsinke daga rai."

"Janye, Kaka! Don girman Allah ki janye!"

"Ba na janyewa. In alƙalan nan sun ba mai gam, su suka sani. Ni dai na ga tela."

Yana kwance yana dariya, dariyar tana sarƙewa da wani abu, ya juya fuska wajen bango ya daɗe bai juyo ba. Kaka ta ci gaba da shan shayinta kamar ba ita ta yi ba. Can ya tashi zaune, ya share fuska da hannun riga, ya zaro wani kati mai ruwan zinariya daga aljihu ya ajiye mata a cinya.

"Na sallama, kin ci. Katin mutum biyu ne. Tunda kin riga kin kashe ni, sai ki zo ki zauna a layin gaba ki ga ɓarnar da kika yi."

"Mai furfurar nan zai zo?"

"Zai zo. Zan zauna a tsakaninku."

"Kai ɗin? Ta kanka zan riƙa hango shi."

"Sai dai ban san me za ki sa ba. Kada ki je min da wannan zanen, a ɗauka mai shara na zo da ita."

Kaka ta shiga juya katin a hannu. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin ta sa abin da wani ya ɗinka ba. Ko da ta bar keke, da hannu take ɗinka kayanta, ni nake zura mata zare a allura. Telolin da suka yi mata tayi ba su da iyaka, shi kansa Tsinke ya yi ya gaji.

"Akwai wani shuɗin yadi a ƙasan akwatina," in ji ta, ba ta dubi kowa ba. "Ya daɗe yana jiran tela. Ka zo da tef?"

Tsinke ya dube ni, na dube shi. Ya laluba aljihun wando ya zaro tef ɗin awo. Kaka ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta tsaya a tsakiyar falo ta gyara tsayuwa.

"In ka tsuke min hammata, a gaban kyamara zan tona maka asiri."

"Ɗaga hannu, amarya."

Ta ɗaga.